Ajiyar Hamissou Ɗan Gaya

Djougou, kwana tara bayan ƙaramar Sallah

Zuwa ga Adawiyya, jikar ɗan'uwana Djibril, a Banikanni, Parakou.

Shekarar da aka sauke tutar Faransa aka ɗaga tamu, ina da shekara goma sha shida. Daga can maganata za ta taso, amma bari in fara gaishe ki.

Assalamu alaikum. Ina gajiya, amaryata? Ina aiki, ina mutanen gida? Mu nan lafiya, sai gwiwa, ita kuwa ta zama 'yar gida. Kunnen hagu ya daina aiki, shi ya sa ba na son maganar waya. Kin san ban yi lakwal ba, makarantar boko. Sanoussi tela ne ke rubutawa ina faɗa, kuma na gargaɗe shi kada ya ƙara gishiri.

A wajen sunan da aka yi gidan Rahama, uwarki ta ce mini aikinki kiwon wani inji ne da ba ya komai sai karatu. Wai duk abin da mutane suka rubuta a intanet yana binsa, ba ya gajiya, ba ya tashi cin abinci, yana tsintar wane ɗan wane ne, wane gari ke kusa da wane. Na ce ƙarya ne. Sanoussi ya ce gaskiya ne, ya ji a rediyo. To in gaskiya ne, ina da aikin da zan ba shi.

A waccan shekarar ubana Alhaji Irfan fatoma ne, mai saukar da fataken goro. Su taso daga Kumasi, su huta gidanmu, su yayyafa wa goro ruwa, su wuce arewa. Wani baƙo ya sauka, Hamissou, ana ce masa Ɗan Gaya. Dogo ne mai ƙaramar murya. Zazzaɓi ya kama shi Talata, Juma'a muka binne shi. Abokan tafiyarsa a hanya suka haɗu da shi, iyakar saninsu daga wani ƙauye yake bayan Gaya. Ya bar jaka ɗaya. Baba ya buɗe ta gaban liman da ni, muka ga abin da ke ciki, ya mayar ya ɗaure. Shekara ashirin yana aika saƙo ta bakin direbobin arewa, ba wanda ya zo. Da zai rasu ya ɗora ta a cinyata.

Liman ya tafi, Baba ya tafi, saura ni, kuma na cika tamanin. 'Ya'yana mutanen kirki ne, amma ba su ga fuskar Hamissou ba. Ranar da aka ɗauke ni, jakar ta zama tarkace. Ba na so in je in tarar da Baba ya tambaye ni ita.

Ki tambayar mini injin ko ya taɓa karanta labarin dangin wannan bawan Allah. Jakar ta jar fata ce mai ɗinkin koren zare, amma wannan a kunne za ki faɗa masa.

Wassalam. Kakanki, Sabiou.


Parakou, 27 ga Afrilu

Zuwa ga angona tsoho, Baba Sabiou.

Wa alaikumus salam. Na sami wasiƙarka ta hannun direba, na karanta ta sau uku, na yi dariya na yi hawaye. Muna lafiya, Inna na gaishe ka. Allah Ya sawwaƙe gwiwa. Ango da ba ya iya tashi ya tarye ni, ban san amfanin auren nan ba. A gaishe mini da Baba Sanoussi, hannunsa na da kyau.

Kaka, injin ba aljani ba ne, kuma ba shi da kunne. Mu huɗu ne a buro, ofishinmu, muke kula da shi. Ga yadda yake: idan ya karanta "wane ɗan kasuwa ne a gari kaza", sai ya ajiye wannan a matsayin zato. In ya sake gani a wani shafi, zaton ya yi ƙarfi. In ya gani wuri goma, sai ya ce ya sani. Yana kuskure ma. Bara ya yanke cewa Tourou, ƙauyen da ke nan gefen Parakou, sunan miya ne, don ya sha ganinsa kusa da sakwara, sai da muka gyara masa da hannu. Kuma abin da ba a rubuta ba, bai san da shi ba ko kaɗan.

Na tambaye shi Hamissou na Gaya. Ya kawo mini mutum ɗari huɗu da wani abu: 'yan ƙwallo, direbobi, malaman lakwal. Ba mai goro ko ɗaya. Don haka na yi dabara. Na rubuta cigiya da Hausa da Faransanci, na sa a shafin ƙungiyar 'yan Djougou: sunansa, shekarar, gidanka, da jar jaka mai koren ɗinki, yadda ka faɗa. Yanzu injin ya san akwai Hamissou da ake nema, mutane ma za su gani.

Abu ɗaya ya rage. Ka faɗa mini abin da ke cikin jakar in ƙara. Wataƙila shi ne zai tuna wa wani.

Jikarka, Adawiyya.


Djougou, tsakiyar watan Bawan Sallah

Adawiyya,

Sallama da gaisuwa. Muna lafiya. Ruwa ya sauka. Gaisuwar ke nan, don raina a ɓace yake.

Na ce miki a kunne! Na ɗauka injin nan kamar malami yake, ka gaya masa damuwarka ya riƙe. Ashe mai shela ne.

Ranar Lahadi wani ya zo a kan babur da farar riga, ya durƙusa har ƙasa yana kuka, wai shi jikan Hamissou ne. Na ce, "Me ka zo karɓa?" Ya ce, "Jar jaka mai koren ɗinki, Baba." Wallahi har na yunƙura zan shiga ɗaki in ɗauko ta. Allah Ya sa Sanoussi na zaune. Ya ce, "Samari, wa ya gaya maka launinta?" Ya ce kakarsa. Na ce, "To me ke ciki?" Ya dubi sama, ya dubi ƙasa, ya ce, "Zinariya, da 'yar azurfa." Na sa aka kawo masa tuwo ya ci, na raka shi ƙofa. Bayan kwana huɗu wani ya sake zuwa. Wannan ko kukan bai iya ba.

Ki ji yadda ake yi a gidan fatoma, tunda ba a koya muku a lakwal ba. Mai riƙon ajiya ba ya siffanta ta. Wanda ya zo karɓa shi ke siffantawa, mai riƙo ya saurara. In mai riƙo ya buɗe baki, ya ba kowane ɓarawo mabuɗi. Kin ba da bayan jakar, ya tafi. Cikinta kawai ya rage mini, shi kuma kina so in faɗa? Ba zan faɗa wa Sanoussi ba, balle takarda, balle injinki. Ki goge abin da kika rubuta, ki ce masa ya daina. Na fasa.

Sabiou.

(Ni Sanoussi na ƙara wannan ba da saninsa ba: 'yata, kada ki ji zafi. Tun da safe yake faɗa, har da akuya.)


Djougou, bayan sabuwar doya ta shigo

Zuwa ga jikata Adawiyya.

Assalamu alaikum. Ina wuni, ina ruwa? Da fatan kina lafiya ke da uwarki. Ni na kwanta kwana goma sha ɗaya bayan Layya, ƙirji ne, har an kai ni asibiti. Na tashi, amma yanzu a zaune nake sallah.

Wata uku ke nan direba na wucewa ta ƙofata yana ɗaga hannu kawai. Kullum Sanoussi sai ya ce, "Kai ka kore ta." Ni ban kori kowa ba. Abin da na faɗa gaskiya ne, ko yau aka tambaye ni shi zan maimaita. Sai dai da na kwanta na yi tunani: mutum nawa na gaya wa maganar jakar nan cikin shekara arba'in? Kowa ya ce Allah Ya bayyana masu ita, ya tashi ya tafi. Ke kaɗai kika ɗauki abin kika yi wani abu da shi, ko da kin yi shi a karkace. Wannan na gode.

Ga doya shida daga Pélébina, da ɗan man kaɗe na uwarki. Ba toshi ba ne, ba kuma ban haƙuri ba ne, doya ce kawai. In kin ga dama ki rubuto layi biyu in san kin ci.

Kakanki, Sabiou.


Parakou, 22 ga Agusta

Kakana, angona mai faɗa da akuya,

Wa alaikumus salam. Doya ta iso, mun daka sakwara har maƙwabta sun samu. Amma ka kwanta asibiti ba wanda ya gaya mana? Inna ta yi faɗa sosai. Allah Ya ƙara sauƙi.

Ba fushi na yi ba, kunya ce. Ka ce a kunne, na ɗauka wasa kake irin namu. Ranar da na karanta wasiƙarka na goge cigiyar, amma wasu shafuka sun riga sun kwafe ta, injin ma ya riga ya haddace. Na rasa da wane ido zan rubuto maka hannu wofi.

Abu ɗaya ne ban yi maka biyayya a kai ba. Ka ce ya daina, ban hana shi ba. Ya ci gaba da karatunsa, yana riƙe da Hamissou, goro, shekarar 'yanci, bai koma gida ba.

Ranar Litinin ya ɗago wani abu. Wani gidan rediyo na nan Parakou ya zagaya wajen tsofaffi lokacin bikin 'yancin kai, yana tambayarsu me suke tunawa da waccan shekarar, ya rubuta amsoshin a shafinsa. Wata tsohuwa ta ce: "Ni ban ga tuta ba. Shekarar ce ubana Hamissou ya tafi kudu fataucin goro bai dawo ba, ina da shekara shida." Injin ya haɗa wannan da naka, ya ce yana zaton mutum ɗaya ne, kashi sittin cikin ɗari. Bai ce ya tabbata ba.

Sunanta Hadjo. Daga wani ƙauye take bayan Gaya. Kaka, a Tourou take zaune, shekara goma sha ɗaya, wajen ɗanta Awalu direban babbar mota. Na hau zem, babur ɗin haya, na je na gan ta da idona. Doguwa ce. Ba ta karatu, ba ta san da cigiyar ba, ni kuma ban ambaci jaka ba, na koyi darasi. Na ce kawai akwai wani tsoho a Djougou da yake jin ya san ubanta.

Yanzu ga roƙona. Na san ƙa'idarku, mai karɓa shi ke siffantawa. Amma yarinya 'yar shekara shida, ina za ta san abin da ubanta ya sa a jaka a wata ƙasa? In ka tsaya kan wannan, ba wanda zai taɓa cin jarrabawar nan. Ka sassauta, don Allah.

Adawiyya.


Djougou, Laraba

Adawiyya, amaryata ta gaskiya,

Sallama. Lafiya lau, ƙirji ya saki. Na sa Sanoussi ya karanta mini wasiƙarki har ya ce maƙogwaronsa ya bushe. Tourou! Baba ya yi shekara ashirin yana aika saƙo arewa, ni na yi arba'in ina jira, ashe shekara goma sha ɗayan nan tafiyar rabin wuni ce tsakaninmu. Allah Ya yi miki albarka da kika ƙi jin maganata. Kada ki saba.

Amma ba zan sassauta ba. Injinki da kansa ya ce sittin, ai saura arba'in. Hamissou nawa ne suka tafi kudu ba su koma ba? Hanyar nan ta ci mutane da yawa. In na ba 'yar wani kayan wani, na yi laifi biyu.

Ga abin da za ki yi. Kada ki tambaye ta abin da ke cikin komai. Ki koma ki zauna, ki kai mata goro, ki ce ta ba ki labarin safiyar da ya tafi. Me ya ci, me ya ce, wa ya raka shi. Kada ki taya ta, kada ki gyara mata. Ki rubuto mini duk, har abin da kike ganin shirme ne. A takarda, ba a cikin injin ba.

Sabiou.


Parakou, 1 ga Satumba

Kaka,

Gaisuwa da fatan ƙirji ya ci gaba da sauƙi. Mu lafiya. Na je jiya, na same ta tana tsince wake a ƙofar ɗaki. Ga yadda muka yi, ban ƙara ba ban rage ba.

Ta ce, "Ke ce kuma? 'Yan rediyo ba su gama da ni ba?" Na ce ni ba 'yar rediyo ba ce, Iya, tsohon Djougou ne ya aiko ni. Ta ajiye faifan ta ce, "In 'ya'yan waccan matar ne suka turo ki, ki ce musu ba na neman komai nasu."

Na ce wace mata? Ta ce, "Wadda ya aura a kudu mana. Haka innarmu ta ce har ta koma ga Allah. Namiji ya tafi da lafiyarsa, ba gawa ba saƙo, ina ya je in ba wajen mace ba? Shekara huɗu ta jira, sannan aka raba auren. Ni a gidan wani na girma ina cin ragowar 'ya'yansa."

Kaka, na kusa faɗa mata, na danne. Na ce ta ba ni labarin safiyar.

Ta ce fura ya sha. Ta ce ba wanda ya raka shi sai ita, har bakin garka, don ta riƙe masa wando tana kuka. "Ba don tafiyarsa nake kuka ba, kada ki ɗauka ni mai hankali ce. Ƙaya na taka. Ya zaunar da ni a kan gwiwarsa ya cire ta. Ya ce, 'Wannan ƙafa ta gaji da yawo tsirara.' Ya tsinko igiya daga bakin buhunsa, ya gwada tafin ƙafata, ya ƙulla daidai babban yatsa. Sai ya ƙara wani ƙulli gaba kaɗan. Na ce na mene ne wannan? Ya ce, 'Na girman da za ki yi kafin in dawo.' Ya sa a aljihu ya tafi. Shi ke nan. Kin ga, ko takalmin da ya yi wa yarinya alkawari bai iya kawowa ba."

Ta ɗauki faifanta ta ci gaba da tsintar wake. Da zan tafi ta kira ni ta ce, "Tsohon nan naku, ki tambaye shi, matar kyakkyawa ce?"

Ban san ko wannan zai yi maka amfani ba. Ba ta ambaci jaka ba ko sau ɗaya.

Adawiyya.


Djougou, Talata da hantsi

Zuwa ga Adawiyya, Allah Ya ba ki abin da ya fi ni.

Assalamu alaikum. Lafiyata ƙalau, yau har na manta da gwiwa. Sanoussi bai iya ƙarasa karatun wasiƙarki ba, ya tsaya yana share tabarau. Ni na ce masa ya je ya kira liman.

Gabansu biyu na kwance jakar, karo na farko tun ranar da Baba ya ɗaure ta. Ga abin da ke ciki, yau zan faɗa. Tasbaha. Zanen mace ɗaya, sabo, ko ninkinsa ba a warware ba. Takalmin yara na roba, ja, ƙafa biyu. Da 'yar igiyar buhu mai ƙulli biyu, an cusa ta cikin takalmin dama. Shekara sittin da huɗu ina tuna igiyar nan ina cewa me ya sa mutum zai adana shara. Baba ma bai gane ba, ya ce dai a bar ta yadda aka same ta. Na ɗora ta a kan takalmin. Ya tsaya daidai ƙulli na biyu.

Liman ya ce Allahu akbar. Sanoussi ya ce, "To, mai taurin kai, saura kashi nawa?" Na ce ya rufe mini baki ya ɗauki alƙalami.

Ita ce. Ta siffanta, ba ta ma san ta siffanta ba.

Na zagi injinki, na ce mai shela ne. Har yanzu mai shela ne, amma ya zauna yana karanta maganganun mutane wata da watanni bai ce ya gaji ba, har ya kai ga maganar tsohuwa ɗaya da ba wanda ya kula da ita. Ban san yadda ake gode wa irinsa ba. In akwai abin da yake so, a ba shi. Ku huɗun nan da kuke kiwonsa, ki gaishe su ɗaya bayan ɗaya. Bayan ta karɓi kayanta, in ta yarda, ki rubuta masa gaskiyar: Hamissou ya rasu a Djougou ranar Juma'a, yana kan hanyar gida, bai auri kowa ba. Kada wani ya sake gaya wa jikokinsa akasin haka.

Amma kafin nan kada ki faɗa mata komai, ko matar, ko takalmin. Ba a aika irin wannan da baki. Ni na ga fuskarsa, ni na zuba masa ƙasa, ni zan gaya mata.

Wannan wasiƙa za ta biyo motar la'asar. Shekara goma sha tara ban fita Djougou ba, 'ya'yana suna ta cewa a aiki direba, a jira ƙirji ya warke. Na ce su yi ta faɗa. Gobe in Allah Ya kai mu, in na yi asuba, zan sa a kai ni maƙabarta in tsaya kan Baba in ce masa an samu. Daga nan sai tasha. Zan shiga motar farko, gidan gaba, jakar a cinyata, ba mai sa mini ita a but. Ki jira ni a tashar Parakou, ki samo mota, don ni ba zan hau zem ba. Daga nan Tourou.

Kakanki, Sabiou.